Ƙafar gada da aka zuba a masana'anta: za ta tsaya in ƙasa ta girgiza?

Baba Magini: Salamu alaikum jama'a. Jiya ɗana ya nuna mini hoton wata gada da ake kawo ƙafafunta a kan tirela, an riga an zuba su a masana'anta, sai a ɗaga a dasa. Ni dai shekara 30 ina zuba kankare a garin nan, kuma na tsaya a kan cewa abin da aka haɗa ba ya kai wanda aka zuba tare. Ranar da ƙasa ta girgiza, a mahaɗar nan zai ɓalle.

Injiniya: Wa alaikumus salam Baba. Girmanka ne, amma a nan ban bi ka ba. A girgizar Kobe ta Japan, 1995, gadar sama ta Hanshin ta kwanta gefe guda, tsawon fiye da mita 600, kuma ƙafafunta a wurin aka zuba su. Zobban ƙarfe da ke ɗaure dogayen rodi ne suka yi kaɗan, wasu rodin ma an yanke su kafin su kai sama. Da ƙasa ta kaɗa, kankare ya farfashe, rodi ya bankaro waje.

Baba Magini: To na ji. Ita ta haɗin da me take riƙe?

Injiniya: Akwai wadda ake bar wa rami a tushe, a zura ƙasanta ciki, a cike gefe da siminti na musamman wanda ba ya tsukewa in ya bushe. Akwai wadda rodin sama da na ƙasa ke haɗuwa cikin bututun ƙarfe, a ɗura simintin ciki. Wadda ta fi burge ni ita ce mai igiyoyin ƙarfe a tsakiya, an ja su tam, ba a manne su da kankare ba. In girgiza ta zo, ƙafar ta ɗan ɗaga gefe ta dawo mazauninta, kamar turmin da aka tura kaɗan aka saki. Ana ƙara mata wasu guntayen ƙarafa da za su sha wahalar, in sun lanƙwashe a canza su.

Direban Tirela: Ku gafarce ni manya, wace girgiza a Maraɗi? Tun kakanninmu wa ya taɓa ji? Mu Gulbi ne matsalarmu. Kun manta ruwan 2024, gidaje nawa suka zube? Kuɗin igiyar nan a zurfafa tushe da shi.

Ɗaliba: Kawu, gaskiya ne Nijar na zaune kan tsohon dutse mai kwanciyar hankali, haɗarin kaɗan ne. Amma Afirka ta Yamma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Akara ta girgiza a 1939, arewacin Gini a Disamba 1983 har mutane da yawa suka rasu, kuma a 2018 mutanen Mpape a Abuja sun ji ƙasa na motsi.

Direban Tirela: 'Yata, Gini ina, Maraɗi ina?

Injiniya: A nan ina bayan Direba. Da ni aka ba aikin gada a kan Gulbi, ba zan kashe kuɗi kan igiyoyi ba. Ruwa ne ke kwashe yashin ƙarƙashin tushe, don haka zurfi ne farko. Sai dai ba zan rage zobba ko ɗaya ba, don ba su da tsada, kuma su ne ke riƙe ƙafa in mota mai kaya ta doke ta. Zubin masana'anta ma yana da amfani gare mu musamman. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ruwan kankare ya tsere kafin ya yi ƙarfi, Baba ya fi ni sani. A masana'anta ana lulluɓe shi, ana shayar da shi, a gwada ƙarfinsa a kwana 28. Kuma a gama dasawa da rani tun Gulbi bai kawo ba.

Baba Magini: Wannan kam haka ne. Amma bari in faɗa maka abin da ke damuna, ɗana. Na taɓa aiki da wani ɗan kwangila da ke rage buhun siminti in mai duba aiki ya juya baya, har na ajiye masa aikinsa. A zubin wuri ido na gani. Cikin bututun nan wa zai leƙa?

Injiniya: Ka taɓo inda ke ciwo, Baba. In iska ta maƙale a bututun, rodi bai kamu ba, kuma daga waje ba a ganewa. Shi ya sa ake tura simintin ta ramin ƙasa har sai ya fito ta ramin sama, sannan a toshe, a ɗebi samfuri a kai gwaji.

Baba Magini: To in za a yi irinta a nan, a tsayar da mutum a kan kowane bututu har ya ga simintin ya fito da idonsa. In babu mai tsayawa, ni ina nan a kan zubina.