Neman shawara: rahoton ciniki yana cinye mana minti 6

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani shagon sarin magunguna a nan Katsina, muna da reshe a Daura. Bayananmu na kan SQL Server, rahoto kuma da Crystal Reports muke fitarwa. Na rubuta ajiyayyen umarni, wato furosija, mai ɗauko ciniki daga wannan rana zuwa waccan. In na kira shi a SSMS, wato manhajar da ake sarrafa SQL Server da ita kai tsaye, daƙiƙa 4 ya gama. Ta cikin rahoto kuwa sai minti 6. Jiya Alhaji na tsaye a kaina, shayinsa ya huce bai ga lissafin wata ba. Don Allah ina matsalar take?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Na sha fama da wannan. Kiran farko da aka yi wa furosija, saba, wato SQL Server ɗin, tana duba ranakun da aka ba ta, ta tsara hanyar nemo bayanan, ta adana. Idan da safe wani ya nemi cinikin yini guda, da wannan hanyar za ta nemo maka na wata guda, kamar a ɗora kayan tirela a kan Keke Napep. SSMS yana kunna wani saiti mai suna ARITHABORT, yawancin manhajoji ba sa kunnawa, shi ya sa SSMS da rahoton kowanne ke samun tasa hanyar. Saurin da ka gani can ba hujja ba ne. Sa WITH RECOMPILE a furosijar ka gwada, zai sa saba ta sake tsara hanyar a kowane kira. Rahoton da ba kowane minti ake kira ba, sake tsarawar ba za ta dame ka ba.

Amsa ta biyu: Malam, layi nawa yake dawowa da shi? Idan kana turo kowane rasit ne Crystal ya haɗa jimla, ka yi GROUP BY don a haɗa jimlar a saba, ka daina SELECT * mai kwaso dukkan ginshiƙan tebur. 'Yan Daura da ke jawowa ta intanet su suka fi shan wuya.

Amsa ta uku: Kada ka naɗe ginshiƙin kwanan wata da MONTH() mai ciro wata a cikin WHERE, inda ake sa sharaɗin nema, fihirisar da ke hanzarta nema ba za ta yi maka aiki yadda ya kamata ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, maganarka ce, RECOMPILE ya dawo da shi daƙiƙa 9 a nan. Daura har yanzu da nauyi, kuma na duba, duk rasitan nake turawa. Bayan Isha'i zan gyara.