Neman shawara: tsutsar mushe za ta iya nuna ranar da saniya ta mutu?

Assalamu alaikum. Saniyarmu da muka ba da kiwo aka tsinci mushenta a daji. Mai kiwon ya ce jiya da yamma ta faɗi, amma mun tarar da tsutsa manya-manya cike da bakinta. Gobe za a zauna gaban mai gari. Me za mu riƙe a matsayin hujja?

Malamin ilimin ƙwari:
Wa alaikumus salam. Koren ƙudan nan mai sheƙi shi ke fara sauka, yakan iso cikin mintoci, ya zuba ƙwai a ido, hanci, baki da dubura. A zafi kamar digiri 30 ƙwan kan ƙyanƙyashe kafin kwana ɗaya, tsutsar ta yi kwana uku zuwa huɗu tana ci kafin ta cika girma. Saboda haka tsutsa mai tsawon fiye da santimita ɗaya ba ta jiya ba ce.

Ku ɗebi mafi girma kamar 20, ku zuba a ruwan da ya kusa tafasa na daƙiƙa 30, sannan ku juye cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80. In kuka jefa su da rai cikin sifirit za su ƙanƙance, awon tsawo ya lalace. Wasu kuma ku bar su da rai a kwalba da ɗan yankin hanta da yashi, a rufe da ƙyalle. In sun zama ƙuda an fi gane irinsu. Ku tona ƙasar da ke ƙarƙashin mushen da gefensa. In kun ga ƙwanson da tsutsa ke zama a ciki kafin ta zama ƙuda, mai ruwan ƙasa kamar ƙwayar shinkafa, kansa a buɗe, ciki ba komai, ƙuda ya riga ya fita, an doshi kwana goma ke nan.

Likitan dabbobi:
Alhaji, a yi hattara kafin a tuhumi mutum. Dabbar da ke da gyambo ƙuda na yi mata tsutsa tun tana raye, sai a ga manya a mushen kwana ɗaya. Ku duba ƙafafu, gindin wutsiya da cikin bakinta. Kuma in baƙin jini na fita ta hanci ko dubura bai daskare ba, kada a farka cikin, yana iya zama ciwon saifa, mutum ma yana ɗauka. A kira ofishin dabbobi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Ku rubuta rana, lokaci da zafin wurin a jikin kowace kwalba da fensir, sifirit na wanke biro. Da sanyin hunturu girman tsutsa na jinkiri, lissafin bazara ba zai yi ba. Abin da za a ce gaban mai gari shi ne "aƙalla kwana kaza", domin ƙuda ba ya yawan yin ƙwai da dare, dabbar na iya mutuwa tun kafin ya zuba su.