Ɗumama gidan tsaka mai zanen damisa

Masu kiwon wannan tsaka, wadda asalinta daga busassun duwatsun Afghanistan, Pakistan da arewa maso yammacin Indiya take, sun fi haɗuwa a kan abu ɗaya: kada a jona kowane abin ɗumi sai da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya wuce ƙima. Tabarmar lantarki, wato shimfiɗar ɗumi da ake sakawa a ƙarƙashin akwatin da tsakar ke zaune, idan aka bar ta haka nan tana iya ƙona mata ciki, domin a ƙasa take kwanciya luf don abinci ya narke.

Gefe ɗaya na akwatin ake ɗumamawa, kusan kashi ɗaya cikin uku. Can ƙasan ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen 24 zuwa 26, da maɓoya a kowane ɓangare, ita ta zaɓa da kanta. Da dare kada ya sauka ƙasa da 18.

An ɗan yi jayayya tsakanin tabarma da fitilar halojin. Ni dai na fi karkata ga fitilar, tana ɗumama dutse kamar rana. Dutsen lantarki kuwa, wato wanda ake jona wa wuta ya yi zafi, a guje shi, yana ƙuna. A riƙa auna zafin daidai inda cikin tsakar ke taɓawa.