Karabina mai makulli: ta murɗawa ko mai kulle kanta?

Sabon_Mahayi:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ban daɗe da fara hawan dutse da igiya ba, har yanzu da kayan aro nake yi, to yanzu ina so in sayi karabina (zoben ƙarfen nan mai ƙofa da ake saƙala igiya a ciki) tawa ta kaina wacce zan dinga saƙala na'urar riƙe igiya a jikin hanes, ɗamarar da mai hawa ke sawa a ƙugu. Na ga akwai wacce ake murɗawa da hannu akwai kuma mai kulle kanta da ka sake ta, wacce ta fi? Sannan lambobin nan na jikinta irin su 24, 8, 7 da kN me suke nufi?

Mai_Igiya:
Wslm ɗan'uwa. Gara ka fara da lambobin don nan maganar take. kN ma'aunin ƙarfin ja ne, kN ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne. Babbar lambar ƙarfinta ne in an ja ta a tsaye, ta tsawonta, ƙofa a rufe, ƙa'idar Turai EN 12275 ba ta yarda ya gaza 20 ba a yawancinsu. Ta biyu in ta juya aka ja ta a kwance, ta uku kuma in ƙofa na buɗe, ka ga daga 24 an faɗo 8 ko 7 ke nan, ko rabi bai kai ba. Shi ya sa ni juyawar nan ta fi ɗaga min hankali kan irin makullin, sai ka ga mutum ya kulle tsaf amma ta karkace nauyi ya hau kan ƙofa shi kuma idonsa na sama bai ma sani ba. Akwai masu ɗan shinge a ciki da ke hana juyawa, irin Gridlock ta Black Diamond ko Belay Master ta DMM. In na'urarka ta riƙe igiya irin ATC ce, mai kamar bututu, nemi karabina HMS, wato mai faɗin kai, igiya ta fi gudu lafiya a kanta, kuma ko na'urar ta suɓuce maka a sama za ka iya ɗaurin Munter da ita, ɗaurin da ke riƙe igiya ba sai da na'ura ba. Wacce babu tambarin inganci na CE ko UIAA a jikinta kar ka rataya ranka a kai, ta riƙe mukullai ce.

Gogan_Dutse:
Ni dai ta murɗawa, ba ruwanta da rigima. Mai kulle kanta in yashi ya shige ta sai ta ƙi komawa, kai kuma ka riga ka saki jiki. Kawai kar ka ɗaure ta tamau lokacin da nauyi ke kanta don in an sauke ba ta kwancuwa da sauƙi.

Yar_Tsauni:
A'a yaya Goga, ga sabon shiga ban yarda ba gsky. Mantuwa ita ce babbar matsalar ta murɗawa, ga gajiya ga surutu, kuma in igiya na gugar hannun makullin tana iya warware shi a hankali. Mai kulle kanta mai mataki uku fa, wacce sai ka tura ka juya sannan ka buɗe? Yashi kuma ruwan ɗumi ne maganinsa, ka wanke ka bari ta bushe sosai. Kuma kowacce ka saya ƙanina, kafin abokinka ya ɗaga ƙafa ka matsa ƙofar da yatsa ka ji ta ƙi buɗewa, shi ma ya duba taka.

Sabon_Mahayi:
Na gode sosai. Ta hannu fa, wacce wani ya riga ya yi amfani da ita, in na samu, a saya?

Mai_Igiya:
Ni ba zan saya ba tunda ba ka san wahalar da ta sha ba. Ko taka ce ka dinga shafa inda igiya ke bi, alminiyam na cinyewa, in ramin ya kai zurfin milimita 1 ko ka ji kaifi a bakinsa ka ajiye ta, kaifin nan na iya yanka igiya a faɗuwa. Haka in ƙofa ta daina komawa da kanta ko bayan wanki.