Digiri na biyu a adabi da fasahar kwamfuta: ta ina zan fara da ajami?

Ɗalibar_Adabi:
Assalamu alaikum. Na gama digiri na farko a Hausa, ina son yin na biyu a fannin da ya haɗa adabi da fasahar kwamfuta, in yi aiki a kan waƙoƙin ajami na ƙarni na 19. Wace jami'a ta dace? Kuma dole sai na iya rubuta manhaja kafin a ɗauke ni?

Mai_Taskar_Littattafai:
Wa alaikumus salam, Malama. King's College da UCL a Landan duk suna da kwas ɗin, na shekara ɗaya. Jami'ar Hamburg ta Jamus tana da cibiyar nazarin rubutun hannu, a Jami'ar Boston kuma Farfesa Fallou Ngom ya jagoranci tattara ajamin Afirka a intanet. Ba sai kin ƙware a manhaja ba, amma ki fara koyon Python, harshen rubuta manhaja, da tsarin TEI, wanda da shi ake yi wa matani alama: nan baiti, nan sunan mutum, nan wurin da gara ta ci. Abin da zai fi ɗaga takardarki ta neman gurbi shi ne ki zo da tarin rubutun ajami da kika san inda yake, a Gidan Arewa na Kaduna ko a hannun iyalan malamai, da izinin masu shi a rubuce.

Alƙalami_da_Tawada:
Bari in ƙara a kan ɗaukar hoto, don a nan aiki yake lalacewa tun kafin a kai ga kwamfuta. Ki ɗauka a TIFF, tsarin ajiye hoto da ba ya rage inganci, aƙalla digo 300 a kowane inci, mai launi, da ma'auni da katin launi a gefen shafi. Kada ki yarda da baƙi da fari. Malamai da yawa da jar tawada suke sa wasali, idan aka cire launi sai ya dushe ko ya narke cikin baƙin, ajamin Hausa kuwa in babu wasali sai karatu ya koma cinta.

Littattafanmu warwatse suke cikin gafaka, ba a ɗinke ba. Kafin ki taɓa jerin, duba kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi, ita ce farkon na gaba. In jerin ya rikice, ɗauki hoton yadda kika same shi, gyaran ya zo daga baya. Haska takardar ta baya kuma: tambarin jinjirin wata uku yana nuna takardar Italiya ce, yana taimakawa wajen kintatar zamani. Ajiye kwafi uku na hotunan, ɗaya a wani gari.

Injiniya_Mai_Ajami:
Kada ki sa rai na'ura za ta karanta miki kai tsaye. Transkribus da eScriptorium, manhajojin karanta rubutun hannu, sai an horar da su, ki kwafe shafi kamar 50 na hannun marubuci ɗaya, layi bayan layi. Sharhin gefe da na tsakanin layuka yana rikita su, sai kin shata layukan da hannu.

Sai rubutun Warshu: fa digonta a ƙasa, ƙaf digo ɗaya a sama, ga digon imala na wasalin "e". Tun ranar farko ki tsayar da lambar Unicode (lambar da kwamfuta ke gane harafi da ita) ɗaya ga kowane harafi, ki rubuta ƙa'idar. In kin cakuɗa, za ki nemi kalma na'ura ta ce babu, alhali tana nan. Don nunawa a allo, ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da samfuran haruffan kwamfuta, Alkalami mai salon rubutun Kano da kuma Harmattan, duka kyauta.