'Yar ƙanwata ta zo daga Ingila da aikin makaranta, ta hana kowa sa mata hannu

Kawu Na-Gumel:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san tsarin sakandaren Ingila ya warware mini wata magana da ta hana gidanmu sakat.

Ƙanwata tana aure a Landan. Da aka ba su dogon hutu ta kawo yara gida, ƙauyenmu da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Babbar 'yarta shekararta 15, baɗi za ta zauna jarrabawar da suke kira GCSE, wadda na fahimci ita ce a madadin WAEC ɗinmu. Cikin darussanta akwai nazarin kafafen yaɗa labarai, kuma an ba ta aikin haɗa mujallar matasa, bango da shafuka biyu na ciki. Ta ce tana so hotunan su zama na garin iyayenta. Wallahi na ji daɗin wannan, don na ɗauka yaran da aka haifa a can ba su san da zamanmu ba.

Ranar Alhamis na ɗauke ta muka shiga kasuwar Maigatari. Ta tsaya a kara tana ɗaukar raƙuma da dillalai da wayarta, tana durƙusawa, tana miƙewa, har rana ta take. Da muka dawo na duba, wasu hotunan sun yi duhu, wasu an yanke kan mutum. Ɗana yana da shagon caji, yana kuma tace bidiyon biki a waya, mutanen gari har yabonsa suke. Na ce ya karɓa ya gyara mata, in ta kama ma a kira mai hoto daga Gumel in biya. Yarinyar nan ta kafe, ta ce "Kawu, in Yaya ya taɓa, aikin ya tashi daga nawa, za a iya soke mini shi." Shi kuwa ya ji haushi, ya ce raini ne, ga su kuma taubasai, abin wasa ya koma gaba.

Sai kuma maganar Inna, mahaifiyarmu. Yarinyar ta so ta ɗauke ta tana sussukar gero da zanen da take aiki da shi. Inna ta ce ba mai kai ta Turai a haka, sai ta yi wanka ta saka atamfar sallah. Matan gida suna bayanta, suna cewa so ake a nuna wa Turawa talaucinmu.

Tambayata: da gaske ne dokar ta kai har ɗan'uwa ba zai taimaka ba? Maki nawa ne ma a wannan aiki da ake ta wannan tsanani? Kuma wa zai san an taimake ta, tunda malamanta suna can mu muna nan?

Malama 'Yar Haɗeja:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina koyarwa a wata sakandare a Ingila, kuma ina ganin yadda ake gudanar da wannan aiki duk shekara. 'Yarku ta fi ku gaskiya a nan, ku yi haƙuri.

Hukumomin da ke shirya wannan jarrabawa a Ingila uku ne: AQA da OCR da Eduqas. A dukansu rabon ɗaya ne tun da aka sauya tsarin a 2017: kashi 70 cikin 100 na rubutacciyar jarrabawa, kashi 30 na aikin da ɗalibi ya ƙirƙira da hannunsa. A wajen AQA takardu biyu ake rubutawa, kowacce awa ɗaya da rabi, kowacce kashi 35. Aikin hannun maki 60 ne. Sakamako kuma daga 9 ne zuwa 1, tara ce ƙololuwa. Kashi 30 ba abin wasa ba ne, yana iya ɗaga yaro mataki ko ya sauke shi.

Hukumar ce take fitar da jerin ayyukan a watan Maris na shekarar da ta gabaci jarrabawa, ta faɗi irin mutanen da za a yi wa abin, da abubuwan da dole su fito a ciki. Yaro ya zaɓi ɗaya. Sai ya rubuta gajeren bayani, a AQA kalmomi 300, ya ce ga abin da nake nufin yi, ga waɗanda nake yi dominsu, ga dabarun da zan bi. Maki 10 cikin 60 na wannan bayanin ne. Sauran ana bayarwa ne a kan ko ya iya sarrafa hoto da launi da kanun labari su isar da saƙo, da yadda ya nuna mutane da wurare, da ko abin zai ja hankalin waɗanda aka yi dominsu. Ba kyan kyamara ake aunawa ba. Na ga yaran da suka ci maki mai yawa da hoton waya, don sun san dalilin da ya sa suka tsaya a inda suka tsaya kafin su danna.

Ɗanku yana da wurin shiga, amma da iyaka. Doka ta yarda wasu su fito a hoto, ko su riƙe fitila, ko su kula da na'ura, matuƙar ita ce ke ba da umarni. Zaɓen hoto da gyara shi da tsara shafi kuwa nata ne ita kaɗai, ba a ma yarda ɗalibai su haɗu su yi aiki ɗaya ba. A ƙarshe za ta sa hannu a takarda cewa aikin nata ne, ta rubuta duk wanda ya taimaka da irin taimakon, malaminta ma ya sa hannu. Ko manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, ta yi amfani da ita, sai ta bayyana.

Kun ce wa zai sani. Malamin da ya yi shekara yana ganin aikinta zai sani, don yana bin aikin mataki-mataki, yana ganin ɗanyen hoto kafin a gyara. Shi zai ba da maki, sannan hukumar ta ɗebi samfurin ayyukan makarantar ta sake dubawa. In ta ga malami ya yi sakin hannu, makin 'yan ajin gaba ɗaya ake iya ragewa. Ko da ba wanda zai gane, yarinya ta ce ba za ta sa hannu a kan ƙarya ba. Wannan tarbiyyar ƙanwarku ce, bai kamata a gidan kakanninta a karya ta ba.

Maganar Inna ita ta fi burge ni, don abin da matan gidanku suka faɗa shi ne tsakiyar darasin. Ginshiƙansa huɗu ne: harshen da kafafen ke magana da shi, yadda suke nuna mutane, masana'antar da ke samar da su, da masu kallo ko karatu. A ginshiƙi na biyu ana koya wa yara su tambaya: wa ya ɗauki hoton nan, me ya zaɓa, me ya bari a waje, wa ya amfana? Yaran can sun saba ganin Afirka a tallan neman taimako, yaro da ƙuda a ido. Inna ba ta shiga aji ba amma ta gane wannan. In 'yarku ta zauna da ita ta ji yadda take so a gan ta, ta rubuta hakan a bayaninta, ta samu abin da 'yan ajinsu ba za su samu a intanet ba. Kuma ba a ɗaukar mutum sai da yardarsa, tsohuwa ce ko dillali.

Malam Mai Alli, Ringim:

Malama, Allah Ya saka da alheri. Alhaji, ni abin da ya taɓa ni shi ne mu ma muna da wannan kashi 30 ɗin. A WAEC ta 'yan makaranta, CA, wato makin gwaje-gwaje da ayyukan da yaro ke yi a aji, kashi 30 ne, jarrabawa 70, kuma makarantu na tura makin yara na SS1 da SS2 da SS3. An kawo shi ne da tsarin 6-3-3-4 don kada a yanke wa yaro hukunci da abin da ya rubuta a yini ɗaya.

To amma ku zo ku ga yadda ake cika shi. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda aka tara mu a ofis ana saura kwana kaɗan a rufe tura makin, aka miƙo mana takardun sunaye aka ce kowa ya cike, kada a ba kowane yaro ƙasa da kaza. Akwai sunayen da ban taɓa ganin masu su a aji ba. Na yi magana, aka ce so nake in ja wa makaranta faɗuwa. Ba duka laifin malamai ba ne: mutum ɗaya da aji cike maƙil, wasu a ƙasa, ga yara na ɓacewa da zarar an fara noma ko girbi. Yaushe zai bi aikin kowa ɗaya bayan ɗaya? Amma yaro ya riga ya koyi cewa makin nan kyauta ne, shi ya sa ɗanku bai ga aibin abin da ya nema ba.

Abin takaici, manhajar karatun sakandare ta 2011 ta kawo darussan sana'a sama da 30, har da ɗaukar hoto, amma a karkararmu ban ga makarantar da ta samu kyamara ko malaminsa ba. Sabuwar da aka sanar a 2025 ta rage su zuwa shida, babu hoto a ciki. Yaro irin naku da ya koya wa kansa tace bidiyo a shagon caji ba shi da takardar da za ta shaida ya iya. In yana da kiredit biyar da Turanci da Lissafi, ku duba masa Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero, ko Cibiyar Koyon Fim da ke Jos. Adabin Turanci ma ya tabbatar yana da shi, don masu koyar da aikin jarida kan nema.

Mai Hoto Ɗan Garki:

Baba, duhun hotunan nan daga lokaci ne. Da rana tsaka inuwar hula da rawani na rufe fuska. Ku kai ta da sassafe lokacin da ake shigo da dabbobi, ko bayan la'asar, rana ta kasance a bayanta. Ta goge gilashin kyamarar, ƙurar kara na dishe shi. Hoton bango ta ɗauka a tsaye, ta bar fili a sama inda sunan mujalla zai zauna. Ku fara gaisawa da shugabannin kasuwa, kuma kada ta nufi shingen jami'an tsaro na bakin iyaka da waya.

Kawu Na-Gumel:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malama, na karanta wa ƙanwata amsarki, yarinyar na gefe tana ta gyaɗa kai. Na kira ɗana na nuna masa wurin da kika ce yana da hurumi. Ya yarda zai riƙe mata farin kwali ya mayar da haske fuskar mutane, ita kuma ta ce za ta rubuta sunansa a takardar. Bai huce duka ba, amma maganar Bayero da Malam ya kawo ta shige shi, tun jiya yake neman sakamakonsa na NECO.

Inna ta ce a ɗauke ta da atamfarta a ƙofar rumbu, jikokinta mata su yi sussukar a bayanta, tunda ita ta daina wannan aikin sai don marmari. Yarinyar ta ce hakan ma ya fi.

Saura tambaya ɗaya, Malama. Hirar da ta yi da Inna da Hausa aka yi ta, ita kuma Hausarta ba ta nuna sosai ba. In na zauna na fassara mata, shi ma ya shiga taimakon da aka hana?

Malama 'Yar Haɗeja:

Alhaji, ku faɗa mata ma'anar da baki, ita ta zaɓi abin da za ta ɗauka ta rubuta da kalmominta, kada ku tsara mata jimla. Ta ajiye muryar da ta naɗa da ɗanyun hotunan duka, ta rubuta cewa kawunta ne ya yi mata tafinta. Da an koma makaranta a watan Satumba ta nuna wa malaminta kafin ta ɗora shi a shafi, shi ne mai yanke hukunci. A gaida Inna.