Abin da Kanikawa Suka Ce kan Gyaran Injektar Dizal

A zaman da wasu kanikawan Kano suka yi kan injekta (na'urar da ke fesa mai cikin inji) ta tsofaffin motocin dizal irin Marsandi 240D, bakinsu ya zo ɗaya: kafin a kwance komai, a ɗora kowace injekta kan famfon gwaji. Ta injin da ba shi da turbo (na'urar ƙara wa inji iska) takan buɗe a matsin bar 115 (bar ma'aunin matsi ne), ta mai turbo a 135, kuma tazarar da ke tsakanin injektocin inji ɗaya kada ta wuce bar 5. Idan feshin ya fito kamar hazo da ƙarar "kirr", lafiya lau. In yana tsiyaya ko ɗiga, nan baƙin hayaƙi da ƙwanƙwasar inji ke farawa.

Wurin wanki suka fi daɗewa. A jiƙa nozul, wato kan injekta inda feshi ke fita, a dizal mai tsabta, a goge gawayin bakinsa da burushin tagulla; na ƙarfe yana ɓata ramin. Allurar cikin nozul da gidanta tare aka ƙera su, kada a cakuɗa da na wata injekta. A zaro allurar kashi ɗaya cikin uku, a karkata: in ba ta koma da nauyinta ba, a nemi sabon nozul a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa, amma a buɗe ido, jabu na da yawa.

Matsin buɗewa kuwa da siraran wasa (zobban ƙarfe) na bayan sifirin na cikin injekta ake daidaita shi, mai kauri na ƙara shi. Wasan ƙarƙashin injekta mai tare zafi a sa sabo duk lokacin da aka kwance ta.

Kada a tara hannu gaban feshi. Yana huda fata.